Lokaci Mai Ci: Jarin da Yaro Ya Zo da Shi Daga Gida

Shugaban reshe, shugabannin makarantu, iyayenmu da yayyenmu a wannan aiki, 'yan uwa malamai maza da mata na Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa, barkanmu da haɗuwa.

Duk wanda ya taɓa duba insha'in Turanci na 'yan ƙaramar sakandare ya ci karo da jimla irin wannan: "Yesterday I am going to the market." Mun sha zana mata jan biro, mun sha rubuta gyara a gefe, mako ya zagayo yaro ya sake kawo ta. Daga nan sai mu yanke hukunci cewa yaran yanzu ba sa mai da hankali. Alhali kuwa yaron nan bisa ƙa'ida ya yi rubutunsa, sai dai ƙa'idar ta Hausa ce. Idan muka gane wannan, rabin aikin gyara ya ƙare.

Masana nahawun Hausa suna kiran sigar "ina, kana, tana, yana, muna, suna" da sunan lokaci mai ci, wato aikin da aka fara ba a gama ba. Ɗan shekara huɗu ma ya iya shi. Abin lura shi ne wannan siga ba ta sauyawa tsakanin jiya da yau. Mukan ce "yanzu yana karatu", mu kuma ce "jiya da dare yana karatu", kalmar "yana" tana nan daram. Kalmomin "yanzu" da "jiya" su ke ɗauke da nauyin lokaci. Turanci kuwa ya ɗora nauyin a kan ɗan aikatau mai taimako: am da is da are ga abin da ke gudana yanzu, was da were ga abin da ke gudana a baya, sannan babban aikatau ya ɗauki ɗafin -ing. Yaron da ya riga ya rubuta "yesterday" yana ganin ya sauke farali, domin a harshensa hakan ya wadatar. Abin da ya rage mana shi ne mu nuna masa cewa Bature yana faɗin lokacin sau biyu.

Tarko na biyu ya fi wannan zurfi. Hausa tana amfani da lokaci mai ci a wuraren da Turanci ya hana. Mukan ce "ina da littafi", "ina son ruwa", "ina jin Turanci". Yaro ya juya su kai tsaye, sai a sami "I am having a book", "I am wanting water", "I am hearing English". A Turanci, aikatau masu nuna mallaka ko hali ko abin da ke cikin zuciya, irin su have da want da know da understand da belong, a mafi yawan lokaci ba sa shiga wannan siga. Daidai shi ne "I have a book", "I want water", "I understand English". Haka nan idan muka ce "Malam yana zuwa makaranta kullum", al'ada muke nufi, kuma Turancinta "goes to school every day". A nan Hausa ta ba mu mabuɗi: duk inda "yakan" zai iya maye gurbin "yana" ma'ana ba ta ɓaci ba, to kada a sa -ing. A gwada wa yara wannan awo, za a ga yadda suke saurin kama shi.

Sai amfanin da ya fi kowanne fitowa a insha'in ba da labari, wato aiki yana cikin gudana wani ya katse shi. Bahaushe gwani ne a nan: "Muna cin tuwo sai aka ɗauke wuta." Dogon aiki ya ɗauki lokaci mai ci, gajere ya biyo bayan "sai". Ginin Turanci ke nan ba ragi: "We were eating when the light went off." Ba ma bukatar aron misali daga Landan. Rijiyar Kusugu tana nan cikin gari, kuma kowane ɗalibinmu ya san labarin baƙon da ya sauka da dare a gidan tsohuwa Ayana ya nemi ruwa, aka ce masa maciji ya hana ɗiba sai ranar Juma'a. A bar yaro ya faɗa da Hausa tukuna: mutane suna barci Bayajida ya kashe macijin. Sannan a rubuta a allo: "The people were sleeping when Bayajida killed the snake." A ja layi ɗaya ƙarƙashin dogon aiki, layi biyu ƙarƙashin gajere. Gobe a ɗauko kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa, jibi hawan sallah a ƙofar fadar Sarki. Yaron da ya san labarin, nahawu kaɗai ya rage masa ya yi fama da shi.

Wani zai ce ai shigo da Hausa cikin darasin Turanci koma baya ne, musamman a makarantun da ake cin tarar yaro idan ya yi Hausa. Mu tuna cewa Manufar Ilimi ta Ƙasa da aka fitar a 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a shekarun farko na firamare, kafin Turanci ya karɓi ragama. Hikimar da ke ciki ita ce, da abin da aka sani ake kamo abin da ba a sani ba. Ba muna cewa a mai da darasin Turanci na Hausa ba ne. Minti biyar na kwatance a farkon darasi sun isa, sauran lokacin kuma bakin yara ya yi ta motsi da Turanci. Ɗaya ya share allo, a tambayi aji abin da yake yi. Ya zauna, a tambaye su abin da yake yi ɗazu. Daga "is cleaning" zuwa "was cleaning", sun ga sauyin da idonsu. Ƙa'idojin rubutu, kamar yadda write ke zubar da harafin ƙarshe ya zama writing, sit kuma ya ninka nasa ya zama sitting, su biyo baya, kada su riga magana.

Kada mu ɗauki wannan ƙaramin abu. Babu jami'ar da ɗanmu zai shiga a ƙasar nan ba tare da kiredit a Turanci ba, ko a WAEC ko a NECO, kuma takardar Turanci dole ce ga kowa a jarrabawar JAMB. Yau ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri a ƙofar gidanmu. Abin takaici ne yarinya mai kaifin lissafi daga wani ƙauyen Baure ta rasa gurbi saboda is da was, abin da za a iya warware mata tun tana aji biyar na firamare.

Iyalanmu da za su karanta wannan a gida, ku ma kuna da rabo. Ko uwa ba ta jin Turanci, tana iya tambayar ɗanta da yamma: "Me kake yi lokacin da aka kira sallar la'asar? Faɗa mini da Hausa, sannan ka faɗa da Turanci." Mu kuwa malamai, mu yi wa kanmu alkawari ɗaya a wannan zango: kafin jan biro ya sauka kan jimlar yaro, mu mai da ita Hausa a zuci, mu ga inda ta fito. Hausawa sun ce sai an san asalin ciwo ake samun maganinsa.

Allah ya sa albarka a aikinmu, ya ba yaranmu ilimi mai amfani.