Zafin Ramin Baba a Ƙofar Mata



A karofin Ƙofar Mata, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 1498, marini kan zuba baba da toka da kanwa a rami, ya jira kwanaki har kumfa mai shuɗi ta taso. Ƙwayoyin halittar da ke nunar da wannan ruwa ɗumi suke so. Da hunturu ya kankama, sai rini ya yi nawa.

Ana iya auna wannan ɗumi. Tun 1821 Bajamushe Thomas Seebeck ya gano cewa idan aka haɗa bakin wayoyi biyu na ƙarfe daban-daban, bambancin zafi yana haifar da 'yar wutar lantarki. A nau'in irin waɗannan wayoyi da ake kira K, digiri ɗaya yana ba da kusan kashi 41 cikin miliyan na bolt ɗaya. Sai an sa amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin lantarki, ta ninka wannan 'yar wuta sau ɗaruruwa. Amfilifaya mai kyau takan kwatanta wayoyin biyu, ta watsar da gurnanin wutar layi da ya shige su tare.

Ɗaliban injiniya na Jami'ar Bayero, ku leƙa karofi. Ku haɗa iliminku da gwanintar dattawan marina, don sana'ar kakanni ta ɗore.

Mu kwana lafiya.