Kartar Na'ura a Las Vegas



Video poker caca ce ta karta, amma da na'ura ake karawa. Ta bunƙasa a Las Vegas ta Amurka tun 1979. Na'ura ta raba karta biyar, ɗan caca ya riƙe wasu, ya zubar da wasu, a musanya masa.

Lissafin riba da asara yana cikin jadawalin biya da ke kan allo. A samfurin Jacks or Better mai cikakken biya, gwani kan yi asarar kusan dala ɗaya cikin ɗari biyu idan wasa ya yi nisa. Gwani ke nan fa, wanda ba ya kuskure. Irinsa kuwa kaɗan ne.

Dokar jihar Nevada ta wajabta wa na'urar yin rabo tamkar da karta ta gaske, kuma sai hukuma ta gwada samfurinta kafin a kafa ta.