Likitan da ya rubuta sunayen itatuwan Katagum

John McEwen Dalziel likita ne ɗan asalin Sikotland, an haife shi a Indiya a 1872. Ya fara aikin likita a ƙasar Sin, daga baya ya shiga aikin lafiya na gwamnatin mulkin mallaka a Afirka ta Yamma. Cikin wuraren da ya tattara tsirrai har da ƙasar Katagum.

Aikin na haƙuri ne. Akan tsinko reshe da ganyensa da furensa, a matse shi tsakanin takardu har ya bushe, a rubuta inda aka samo shi, sannan a aika lambun Kew da ke Landan domin masana su tantance danginsa. Dalziel bai tsaya nan ba. Yakan rubuta sunan da mutanen gari ke kiran kowace shuka da amfanin da suke yi da ita, ko a miya, ko a magani, ko a rini. Daga nan ƙamusunsa na sunayen tsirrai da Hausa ya fito a 1916. Ilimin da ke cikinsa na manoma ne da makiyaya da masu magani, kuma abin takaici ne da sunayensu ba su shiga tarihi ba.

Tsakanin 1927 da 1936 shi da John Hutchinson suka wallafa babban kundin tsirran Afirka ta Yamma, a 1937 kuma ya fitar da na tsirrai masu amfani. Itacen ararrabi na ɗauke da sunansa a kimiyyance, Boswellia dalzielii. Ya rasu a 1948.