Rubutun shirin wannan makon: Vespucci, gidan rinar da ya ba Amurka suna

Ga shirin a rubuce, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara.

Yau Italiya za mu je, kuma suna guda ɗaya tak za mu bi, wato Vespucci. Kada rubutun ya firgita ku. Wannan "cc" ɗin yadda muke faɗinsa a "icce" ko "gyararre da lalatacce", haka su ma suke faɗinsa. Ka ce Besfucci, ka kusa daidai, har ma ka fi Baturen Ingila kusa.

To me sunan yake nufi? A Italiyanci, vespa ita ce rina. Ba zanzaro mai gina ɗakin laka ba, a'a, rina dai mai harbi, wadda muke cewa tana kaba. Idan kuma kalmar ta yi muku kama da wani abu da kuka sani, ba kunnenku ne ya yaudare ku ba. Babur ɗin nan Vespa, wanda muke kira Basfa, wanda malaman makaranta da ma'aikata suka yi yayinsa, sunansa ke nan, rina. Kamfanin Piaggio ne ya fito da shi a 1946 a garin Pontedera, kuma ana ba da labarin cewa mai kamfanin ne ya dubi siririn ƙugunsa da faɗin bayansa ya ce da rina ya yi kama. Pontedera ɗin nan tana yankin Tuskani, yankin da gidan Vespucci suka fito. Babu dangantaka tsakanin babur da gidan, kalmar ce kawai ɗaya.

Saura wutsiyar sunan, "ucci". Mutanen tsakiyar Italiya suna da ɗabi'ar liƙa wa suna "uccio" don ƙanƙantawa ko nuna so, kusan yadda mu muke cewa ɗan wane, ko mu mayar da Muhammadu ya koma Mamman a baki. Mutum ana ce masa Vespa, wataƙila don zafin rai ko kaifin harshe, sai a tausasa a ce Vespuccio, ɗan rina. 'Ya'yansa da jikokinsa kuma su zama Vespucci, mutanen gidan ɗan rina. Ta wannan hanyar aka samu Bellucci da Carducci da Bertolucci, har da Gucci ɗin da matasa ke rububin sa wa a jiki. Shi ma daga Guccio ya fito, gutsuren sunan wani kaka.

Bari in ɗan tsaya a nan, don sai an gane wannan za a gane dalilin da ya sa wani suna yake cika gari wani kuma yake ƙaranci. Italiya na cikin ƙasashen da suka fi yawan sunayen dangi a duniya, ana lissafa sama da 300,000. Amma ba duka ne suka tsiro iri ɗaya ba. Ɗauki Ferrari, ma'anarsa maƙera. Kowane gari yana da maƙeri, saboda haka sunan ya tsiro a ɗaruruwan wurare, a gidajen da ba su ma san juna ba. Rossi, wanda ya fi kowane suna yawa a ƙasar, da ɗan'uwansa Russo na kudu, ma'anarsu ja, kamar mu ce Jatau. Ina ne babu Jatau? Esposito kuwa, wanda ya cika birnin Napoli, suna ne da ake ba jaririn da aka tsinta. Irin waɗannan ba sa ƙarewa. Amma sunan da ya fito daga laƙabin mutum ɗaya, a ƙauye ɗaya, rayuwarsa tana rataye ne da 'ya'ya maza na wannan gidan. In suka ƙare, ya tafi.

Ƙauyen su Vespucci shi ne Peretola, a bakin birnin Fulorens. Daga can suka shigo birni tun ƙarni na 13, suka zauna a unguwar Ognissanti, kusa da kogin Arno, unguwar masu aikin ulu da rini. Suka yi kasuwanci, suka yi kuɗi, suka shiga sarautar gari. Wajejen 1380 wani attajirinsu mai fataucin siliki, Simone Vespucci, ya gina asibiti a unguwar don talakawa. Kuma ba su ji kunyar rinar ba, sai ma suka ɗora ta a tambarin gidansu: jan fili, da shuɗin ɗamara a karkace, da rina masu ruwan zinariya a kanta. Har gobe in ka shiga cocin Ognissanti za ka ga wurin da aka keɓe wa gidan, da zanen da Ghirlandaio ya yi na mutanen gidan a durƙushe.

Maƙwabcinsu a unguwar shi ne shahararren mai zanen nan Botticelli. Akwai wani zanensa da ke ajiye a Landan, na Venus da Mars, inda za ka ga 'yan rina suna shawagi kusa da kan namijin. Masana da yawa suna ganin alama ce ta cewa aikin yana da alaƙa da gidan Vespucci. Kun ga sa hannu ba tare da rubuta suna ba.

Gidan sun yi mutane. Akwai Simonetta, wadda ba jininsu ba ce, aure ne ya kawo ta daga yankin Genoa ta auri Marco Vespucci. A zamaninta an ce babu macen da ta kai ta kyau a Fulorens, kuma ta rasu a 1476 tana 'yar shekara ashirin da 'yan kai. Surukinta Piero ya sha ɗauri bayan makircin 1478 da aka ƙulla wa gidan Medici, bisa laifin taimaka wa wani mai hannu a ciki ya gudu. Akwai Guidantonio, lauya kuma jakada. Akwai kuma wani magatakarda, Agostino Vespucci, abokin aikin Machiavelli, wanda a watan Oktoban 1503 ya yi 'yar rubutu a gefen shafin wani littafi cewa Leonardo yana zana hoton Lisa del Giocondo. Sai a 2005 aka gano rubutun a ɗakin karatu na jami'ar Heidelberg a Jamus, kuma shi ne ya ƙarfafa hujjar ko wace ce matar da ke zanen Mona Lisa. Abin dariyar shi ne, shi Agostinon asalin sunansa Nettucci, ɗaukar sunan Vespucci ya yi. Wato a lokacin suna ne da har aronsa ake yi.

Amma wanda ya kawo mu shi ne Amerigo. An haife shi a Fulorens ranar 9 ga Maris, masana tarihi sun kasu tsakanin 1451 da 1454. Mahaifinsa Nastagio marubucin takardun shari'a ne, irin wanda ake zuwa wurinsa a rubuta cinikin gida ko wasiyya. Ɓangarensu ba su ne masu kuɗin dangin ba. Baffansa Giorgio Antonio, malami mai tarin littattafai, shi ya karantar da shi. Ya bi Guidantonio zuwa Faris a matsayin ɗan rakiyar jakada, ya dawo ya kama aiki a gidan wani reshe na Medici, daga nan harkar kasuwanci ta kai shi Seville a ƙasar Sifaniya wajejen 1492. A can ya yi aiki da wani ɗan garinsu, Berardi, wanda yake cikin masu haɗa wa Kolombus kayan jirgi. Ku lura, har ya haura shekara arba'in ɗan kasuwa ne, ba matuƙin jirgi ba.

Tafiye-tafiye biyu ne masana suka fi yarda ya yi. Ta 1499 zuwa 1500 ƙarƙashin tutar Sifaniya tare da Alonso de Ojeda, da ta 1501 zuwa 1502 ƙarƙashin Fotugal, wadda ta bi gaɓar Barazil ta yi kudu sosai. A ta biyun sun yada zango a gaɓar Afirka ta Yamma, inda Dakar take a yau. Kuma akwai abin da ba zan tsallake ba, ko da yake littattafan makaranta sukan tsallake shi. A wasiƙar da ya rubuta a 1500, shi da kansa ya faɗi cewa a hanyar dawowa sun kama mutum 232 daga tsibirai, suka kai waɗanda suka rayu Cadiz suka sayar. Ya faɗe shi ne cikin lissafin riba da faɗuwa, yana ma ƙorafin ribar ba ta taka kara ta karya ba. Duk wanda zai yaba wa mutumin nan, to ya haɗa da wannan a ma'auni.

To yaya aka yi nahiya ta ɗauki sunansa? Ba shi ya raɗa ba, na'urar buga littafi ce ta yi masa aiki. Wajejen 1503 wani ɗan ƙaramin littafi ya fito da sunansa, Mundus Novus, wato sabuwar duniya, ya bazu a Turai kamar wutar daji. Abin da ya ja hankali shi ne cewar da aka yi wannan ƙasa ba Asiya ba ce, wata nahiya ce dabam. Kolombus kuwa har ya mutu a 1506 yana kan bakansa cewa gefen Asiya ya isa. A 1507, a wani ɗan gari mai suna Saint-Dié da ke Faransa a yau, wasu malamai biyu, Martin Waldseemüller da Matthias Ringmann, suka buga babbar taswirar duniya da ɗan littafin bayani. Suka kawo hujjar cewa tunda Turai da Asiya sunayen mata suke ɗauke da su, to a mayar da Americus, wato Amerigo a Latin, ya zama na mace. Suka rubuta America a kan yankin kudu.

Mutane sukan tambaya, me ya sa ba a ce Vespuccia ba? Amsar tana cikin al'adar zamanin. Sunan yanka shi ne mutum, sunan gida ƙari ne. Shi ya sa har yau muke cewa Leonardo, Michelangelo, Galileo, ba mu damu da sunayen gidajensu ba. Sai bayan babban taron cocin Katolika na Trento, wanda ya ƙare a 1563, aka wajabta wa limaman coci rubuta rajistar baftisma da ta aure, daga nan sunayen dangi suka daskare a takarda har ga talaka. Ni dai a ganina an yi sa'a. Ku yi tunanin a ce yau muna cewa wane ya tafi karatu Besfucciya, ƙasar 'ya'yan rina.

Shi Waldseemüller daga baya kamar ya yi da-na-sani, don a taswirar 1513 ya cire sunan. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. A 1538 Mercator ya shimfiɗa sunan a kan kudu da arewa duka. Bartolomé de las Casas ya yi ta faɗa cewa an yi wa Kolombus ƙwace, ba wanda ya saurare shi. Taswirar 1507 ɗin, kwafi ɗaya ne ya tsira. An gano shi a 1901 a wata fada a kudancin Jamus, kuma a 2003 ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya saye shi dala miliyan 10.

Amerigo ya zama ɗan ƙasar Sifaniya, a 1508 aka naɗa shi babban jagoran matuƙan jiragen ruwa, kamar a ce sarkin matuƙa, mai jarraba su da adana taswirori. Ya rasu a Seville ranar 22 ga Fabrairun 1512. Shi da matarsa Maria Cerezo ba su bar ɗa ba. Ɗan ɗan'uwansa Giovanni ne ya gaji takardunsa da sana'arsa. Saboda haka duk wanda ya ce shi jikan Amerigo ne kai tsaye, akwai rina a kaba.

An kuwa samu mai faɗin haka. A 1839 wata mata daga wani reshe na gidan, Elena Vespucci, ta isa Washington tana kiran kanta America Vespucci. Ta kai koke gaban Majalisar Dattawa tana neman a ba ta zama 'yar ƙasa da kuma fili, albarkacin sunan kakanta. An karɓe ta hannu bibbiyu a liyafa, an yi ta kallonta, amma fili dai ba a ba ta ba. Ta ƙare da zama shekaru masu yawa a garin Ogdensburg na jihar New York a gidan wani attajiri, George Parish, daga baya ta koma Turai ta rasu a Faris. A zamaninta gidan ya riga ya yi sanyi, dukiya ta tafi, maza sun yi ƙaranci. Dama can gidajen manya na Italiya sukan tura 'ya'ya maza da yawa aikin coci, inda ba a aure, don kada gado ya rarrabu. Dabara ce mai tsare dukiya, amma tana cinye suna. Mata kuwa ba sa miƙa sunan gidansu ga 'ya'ya. Sai a 2022 kotun tsarin mulkin Italiya ta soke ƙa'idar da ke ɗora wa yaro sunan uba kai tsaye.

Yau masu amsa sunan Vespucci a Italiya 'yan tsiraru ne, warwatse nan da can, kuma ɗaukar sunan ba ya nufin mutum jinin gidan Ognissanti ne. Ku kwatanta da Colombo, sunan Kolombus na asali, mai ma'anar tantabara. Wannan yana sahun gaba a birnin Milan, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne babban asibitin birnin, mai tambarin tantabara, ya daɗe yana raɗa wa jariran da aka yasar wannan suna.

Inda za ka fi cin karo da Vespucci yanzu shi ne a jikin allo. Akwai jirgin ruwan horar da sojojin ruwan Italiya mai filafilai, wanda aka ƙaddamar a 1931 kuma har yanzu yana aiki. Akwai babban titin da ya kewaye birnin Santiago na ƙasar Chile, Américo Vespucio, yadda masu jin Sifaniyanci suke faɗin sunan. Filin jirgin saman Fulorens ma sunan Amerigo Vespucci yake ɗauke da shi a hukumance, kuma a Peretola aka gina shi, ƙauyen da kakanninsa suka baro. Sai dai mutanen gari ba su cika wahalar da bakinsu ba, in za su je can cewa suke za su Peretola.

Nan za mu dakata. Wanda yake da sunan da yake so mu bi diddiginsa, ya ajiye mana a ƙasa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.