TALAKAN BIRNI DA HUKUMAR DA KE KANSA
Jawabi ga 'yan Arewa mazauna Ikko



Mutumin da ya baro Kazaure ko Illela ya sauka a Agege, ba ya daɗewa sai ya gane cewa talaucin birni dabam yake da na ƙauye. A gida ko babu ko anini a aljihu, akwai rumbu, akwai rijiya, akwai zauren kawu. A Ikko kuwa kome na saye ne, har wurin kwana da wurin kewayawa. Saboda haka duk aikin da hukuma ta kasa yi, talaka ne yake biyan kuɗinsa daga ɗan abin da ya samo a yini.

A dubi sha'anin ruwa. Tun cikin shekarar 1915 aka buɗe ma'aikatar ruwa ta Iju, amma har yanzu famfon gwamnati bai kai unguwanni da yawa ba. Mai hali ya haƙa rijiyar burtsatse a gidansa, ya huta. Marar hali sai ya jira ɗan garuwa, wanda mutanen Ikko suke kira mai ruwa, da harshen Hausa, domin 'yan Arewa ne suka fi yawa cikin sana'ar. Watau talaka ne yake sayar wa talaka, su biyun kuma suna biyan bashin da ba su suka ci ba.

To, an taɓa ganin abin da hukuma mai himma take iyawa. Alhaji Lateef Jakande ya riƙe Jihar Legas daga watan Oktoba na 1979 zuwa Disamba na 1983. Ya tarar ana karatu kashi-kashi, waɗansu yara da safe, waɗansu da yamma, saboda ƙarancin azuzuwa. Ya sa aka yi ta gina azuzuwa cikin gaggawa, aka kuma soke kuɗin makaranta. Masu hannu da shuni suka riƙa yi wa gine-ginen ba'a, wai sun yi kama da akurkin kaji, amma a cikinsu ne ɗan mai gadi da ɗan lebura suka koyi karatu ba tare da uba ya ci bashi ba. Haka nan aka gina dubban gidaje masu rahusa a Amuwo-Odofin da Iponri da Isolo. Jirgin ƙasa na cikin gari da ya ƙudurta kuwa, gwamnatin soja ta soke aikinsa a 1985, ba a hau irinsa ba sai a 2023, daga Marina zuwa Mile 2.

An kuma ga kishiyar wannan. A watan Yuli na 1990, zamanin Gwamna Raji Rasaki, aka ba mutanen Maroko kwana bakwai su tashi, sa'an nan katafila ta bi ta kan unguwar. An ƙiyasta mutum wajen dubu ɗari uku suka rasa matsuguni. Filin yau yana cikin mafiya tsada a birnin. A 2022 kuma aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, har da Ikeja da Apapa. Lalle hatsarin babur ba ƙarya ba ne, amma saurayin da ya karɓi babur bashi, da me aka ce ya biya?

Akwai laifin da ba na hukuma ba. Ɗan Arewa yakan shekara ashirin a Idi-Araba ko Obalende, yana biyan kuɗin kasuwa da na tasha kullum, amma in zaɓe ya zo sai ya hau mota ya tafi gida ya jefa ƙuri'a. Kansilan unguwar da yake kwana cikinta ya san da haka, shi ya sa in ana rabon kwalbati ko famfo ba a tunawa da layinsa. Ya kamata sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan kasuwa na Mile 12 su tsaya kan wannan magana. Duk lokacin da aka buɗe rajista, ofishin hukumar zaɓe na kowace ƙaramar hukuma yana karɓar buƙatar mai son a maido masa da wurin zaɓensa unguwar da yake zaune.