Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Jawabi a Taron Shekara



Da na ga takardar gayyata, na karanta cewa cikin abubuwan da za mu yanke yau har da rushe tsohon sito da tsohon kicin na bayan ɗakin cin abinci, sai na roƙi Sakatare ya ba ni 'yan mintoci. Ni ba injiniya ba ne, ma'aikacin gwamnati ne mai fama da fayil. Amma gani ya kori ji, kuma abin da zan faɗa a gidanmu na gan shi.

Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana gida a birnin Zariya. Can ƙurya akwai ɗakunan soro biyu da turken awaki, duk sun koma ma'ajiyar tarkace da gidan ɓeraye. Yayyena suka ce a rushe a zuba bulo. Da muka yi lissafin siminti da rodi sai jikin kowa ya yi sanyi, ni kuwa na ce a ba ni shekara ɗaya in gwada gyara.

Na nemo wani dattijon magini. Ya zaga, ya ƙwanƙwasa bango, ya ce ginin lafiyarsa ƙalau, gindin kawai ruwa ya ci saboda indararo ya karye. Ya cike gindin, ya sauya azara biyu da yoyo ya lalata, ya yi yaɓe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Muka ɗora kwano a sama, muka bar rata tsakaninsa da soron don iska ta riƙa ratsawa, muka buɗe tagogi biyu masu kallon juna. Bango mai kauri a hankali yake shan zafin rana, sai dare ya yi yake sakinsa. Shi ya sa ko a watan Afrilu ana iya zama a ciki da tsakar rana.

Na sa farantan hasken rana biyu da batir, suna ɗaukar fitila, fanka da kwamfuta. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, kowa a nan ya san abin da janareta ke yi wa albashi. Ɗaki ɗaya ya zama wurin aikina, ɗayan kuma maiɗakina take ɗinki a ciki.

Turken nan kuwa ashe dukiya ce, domin kashin awaki na shekara da shekaru ya mai da ƙasar baƙa wuluk. Na kewaye shi da zogale, na shuka alayyafo, kuɓewa, yakuwa, tumatir da barkono. Ruwan da ke sauka daga kwano yana shiga tanki, kuma lissafinsa mai sauƙi ne: milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Zariya tana samun kimanin milimita 1,000 a shekara, wato rufi mai murabba'in mita 40 yana zubar da kusan lita 40,000. Da rani ruwan alwala ma ba ya tafiya a banza. Ɓawon kayan miya da toka suna shiga rami su zama taki. Abin da muka tsinka muna ajiye shi a tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ta ba shi lambar Rolex a 2000.

Ba zan ɓoye muku wahalar ba. Kajin maƙwabta sun cinye shukar farko tas, batir yana da tsada, kuma ginin ƙasa yana son a duba yaɓensa kafin kowace damina.

To, jama'a, mu dawo makarantarmu. Yawancinmu an kai mu ziyara Gidan Makama a Kano, mun ga yadda ginin ƙasa ke daɗewa idan ana kula da shi. Masana kuma sun ƙiyasta cewa yin siminti ne ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ke ɗumama duniya. Saboda haka ina roƙon abu uku. A dakatar da rushewar har magini da injiniya su duba. Idan ginin ya yi, a mai da siton ɗakin koyon sana'a mai wutar rana. Filin bayan kicin kuma ya koma lambu, ɗalibai su noma, a zuba a tukunyar makaranta.

Malaminmu na aikin gona yana zaune a nan. Ranka ya daɗe, ka ba kowannenmu kunya ɗaya muna ta gunaguni, yau ga shi da ita nake cin miya. Allah ya saka da alheri.