Fiɗirar Yara Da Jahiliyyar Manya

Wannan shi ne jawabin da Malam ya gabatar a wajen ta'alimin matasa da aka yi a Kumbotso, wanda ya samu halartar 'yan uwa daga Panshekara, Challawa, Kura da Bunkure. A sha karatu lafiya.

Bayan ya yi hamdala ga Allah Ta'ala, ya yi salati ga Manzon Rahama (S) da iyalan gidansa da sahabbansa, Malam ya fara da tunatar da 'yan uwa hadisin nan da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira, wanda ke nuna cewa kowane jariri a kan fiɗira ake haifarsa, daga baya ne iyaye ke karkatar da shi zuwa ga abin da suke kai. Ya ce yawancinmu mun haddace wannan hadisi, amma mun taƙaita shi ga maganar addini kawai, alhali ƙabilanci da raina mutum saboda launin fatarsa su ma a gida ake koyar da su, kamar yadda ake koyar da yare.

Malam ya ce duk wanda yake son ya ga tafsirin wannan hadisi da idonsa, to ya tsaya a bakin wani lungu a Panshekara ko Challawa da la'asar sakaliya, ya kalli 'yan mata ƙanana suna wasan gimbiya ko wasan amarya. Za a ga sun sato gyalen uwa, sun ɗaura ɗankwali, sun rambaɗa kwalli har kunci, sun yi kambi da takardar alewa. A cikinsu akwai 'yar Bahaushe, akwai 'yar Bafulatani mai kawo nono, akwai 'yar Bayarabe makanike, akwai 'yar Buzu maigadi, wata baƙa wuluk, wata wankan tarwaɗa, wata fara sol. Ya ce rigimarsu ɗaya ce tak, wato wa za ta zama gimbiya yau. Kuma da mai gyale mafi ƙyalli, ko da wadda aka tsallake jiya, ake raba gardamar. Ba za ka ji an ce wance ba za ta hau gadon sarauta ba don ta yi baƙi, sai fa in wata ta ɗauko maganar daga ɗakin uwarta.

Ya ja hankalin 'yan uwa da cewa kada wani ya ɗauka yaro makaho ne. Yaro yana ganin launi sarai, zai ma iya ce maka wance ta fi wance haske. Abin da bai sani ba shi ne ɗora wa launin farashi. Wurinsa bambancin fata kamar bambancin atamfa ne, wannan ja wannan kore. Kuma wannan, in ji Malam, ita ce fahimtar Alƙur'ani, domin a Suratur Rum aya ta 22 Allah ya lissafa saɓanin harsuna da launuka ne cikin ayoyinsa, a jere da halittar sammai da ƙasa. A Suratul Hujurat aya ta 13 kuwa ya bayyana cewa hikimar yin dangogi da ƙabilu ita ce a san juna, fifiko kuma da taƙawa yake. Ashe ke nan, ya ce, 'yar shekara huɗu da take wasa a ƙasa ta fi wani mai gemu kusa da ma'anar waɗannan ayoyi.

WA YA FARA?

Da ya juya kan asalin wannan cuta, Malam ya ce wanda ya fara alfahari da asali shi ne Iblis la'ananne, lokacin da ya ƙi yi wa Annabi Adamu (AS) sujada da hujjar cewa shi da wuta aka yi shi, Adamu kuwa da yumɓu, kamar yadda ya zo a Suratul A'araf. Saboda haka duk wanda ya buɗe baki ya ce ya fi wani saboda jini ko fata ko yare, to ya san darasin wane malami yake bita.

Ya kawo ƙissar Abu Zarr al-Gifari (RA), wanda ya gori wani mutum da mahaifiyarsa, Manzon Allah (S) ya tsawata masa, ya nuna masa cewa har yanzu da sauran jahiliyya a tattare da shi. Malam ya ce a lura, Abu Zarr na cikin mutanen farko da suka musulunta, ya sha duka a Makka saboda kalmar shahada, amma duk da haka wannan ɓurɓushi ya maƙale masa. To ina ga matashin yau da yake ganin tun da ya shigo gwagwarmaya shi ke nan zuciyarsa ta wanku?

YADDA MANZO (S) YA YI DA YARA

Malam ya ce Musulunci bai raina wasan yara ba. Ya zo a ingantattun ruwayoyi cewa Nana A'isha tana da 'yan tsana, ƙawayenta na zuwa su yi wasa, Manzo (S) bai hana ba. Sai ya kawo ƙissar wata yarinya mai suna Ummu Khalid, 'yar Khalid bin Sa'id, wadda aka haifa a ƙasar Habasha lokacin hijira. An kawo wa Manzo (S) tufafi, a ciki akwai wata 'yar riga baƙa mai ado. Ya aika aka ɗauko wannan yarinya, ya sanya mata da hannunsa mai albarka, ya yi mata addu'a, sannan ya yaba kyan rigar da harshen Habasha, harshen baƙaƙen mutanen da ta taso a cikinsu. Malam ya ce shugaban halitta ke nan, yana yi wa yarinya kwalliya, yana kuma girmama yaren da wasu Larabawa ke ɗauka yaren bayi ne.

Haka kuma Usama bin Zaid, ɗan Ummu Aiman mutumiyar Habasha, wanda yake baƙi ƙwarai. Bukhari ya ruwaito cewa Manzo (S) yakan ɗora shi a cinya ɗaya, ya ɗora jikansa Hasan a ɗayar, ya rungume su tare yana yi musu addu'a. Wannan yaro shi ne wanda Manzo (S) ya naɗa kwamandan runduna a shekara ta 11 bayan hijira, bai ma cika shekara 20 ba, manyan sahabbai suna ƙarƙashinsa. Kafin nan, a shekara ta 8, ranar da aka buɗe Makka, Bilal ne ya hau saman Ka'aba ya yi kiran salla, manyan Ƙuraishawa suna kallo.

YADDA AKE ƁATA FIƊIRA

Malam ya ci gaba da cewa an taɓa gwada wannan al'amari. A shekarun 1940 wasu masana baƙar fata biyu a Amurka, Kenneth Clark da matarsa Mamie, sun riƙa ajiye wa yara baƙaƙe 'yan shekara 3 zuwa 7 'yan tsana, wasu farare wasu baƙaƙe, suna tambayarsu wacce ce kyakkyawa, wacce ce mummuna. Mafi yawan yaran sai suka zaɓi farar, suka jingina muni ga wadda ta yi kama da su. Sakamakon wannan bincike yana cikin abin da aka gabatar a shari'ar da Kotun Ƙolin Amurka ta haramta raba makarantu bisa launi a 1954. Malam ya ce waɗannan yara ba da ƙin kansu aka haife su ba. Tsarin zaluncin da suka buɗe ido a cikinsa ne ya gaya musu kullum cewa su ba komai ba ne, har suka yarda.

Ya ce kamfanin Disney ya fitar da fim ɗin gimbiyarsa ta farko a 1937, amma sai a 2009 ya yi gimbiya baƙar fata, wato bayan shekara 72. Irin waɗannan katun ɗin ne ƙannenmu suke kallo a wayoyinmu. Amma ya gargaɗi 'yan uwa da kada su tattara laifin duka su jibga wa Bature su koma gefe. Ya tambaya, wa ya ƙirƙiro "farar mace alkyabbar mata"? Wa yake cewa "fara ko mayya ce"? Samari ne, kuma a gaban ƙannensu suke faɗa. Yarinyar da jiya ta yi gimbiya da baƙar fatarta ba tare da wani tunani ba, yau ta ji yayanta yana cewa shi sai fara zai aura, gobe sai a gan ta a kantin man bilicin.

A nan Malam ya kawo rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011, wanda ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da mayukan sauya launin fata, har a 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana al'amarin a matsayin babbar barazana ga lafiyar ƙasa. Ya ce wasu mayukan suna ɗauke da sinadaran da ke lalata ƙoda, su siranta fata har ciwo ya ƙi warkewa, kuma an kai ga wasu uwaye suna shafa wa ƙananan yara. Wal iyazu billah. Ya ce wannan canza halittar Allah ne, kuma saurayin da bakinsa ya tura yarinya ga wannan yana da kamasho a zunubin.

KANO TA DA, DA KANON BATURE

Malam ya ce wanda ya san tarihin Kano ba zai yi ƙabilanci ba sai in ya so. Wangarawa daga Mali suka shigo da ilimi zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14. Shehu Magili daga Arewacin Afirka ya zo zamanin Muhammadu Rumfa. Sunayen unguwanni kaɗai sun isa shaida: Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Ayagi ta Yarabawa, Dandalin Turawa na Larabawa. Duk sun narke sun zama Kanawa. Bayan da Turawan mulkin mallaka suka ci Kano a 1903 ne aka kafa Sabon Gari, aka ware baƙi daga Kudu a gefe guda, don kada a saba, kada a haɗa kai. Ya ce 'ya'yan wannan shuka ne aka girba a rikicin 1953, da na Oktoba 1991, da na Mayu 2004 bayan kisan Yelwan Shandam.

Ya kuma tunatar da 'yan uwa cewa arzikin wannan yanki nasu a kan cuɗanya ya ginu. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, aka ja ruwa zuwa Kadawa, Kura, Garun Malam da Bunkure, noman rani ya tara mutane iri-iri. 'Yan ci-rani daga Nijar suna dashen shinkafa, Fulani suna kiwo a kan karan da aka girbe, 'yan kasuwa daga Kudu suna lodin tumatir a Kwanar Gafan. Lokacin da rikicin kasuwar Shasha ya ɓarke a Ibadan a Fabrairu 2021, aka dakatar da kai kayan abinci Kudu na 'yan kwanaki, can tumatir ya yi tsada, nan kuma ya faɗi warwas a hannun manomi. Ya ce talakan Kudu da talakan Arewa ne suka ji a jikinsu, azzaluman da ke hura wutar kuwa ko gezau.

JININ UROMI

Daga nan Malam ya taɓo abin da ya ce ya san yana cin zukatan matasa. A ƙarshen watan Maris 2025, cikin kwanakin ƙarshe na Ramadan, aka tare wasu mafarauta a garin Uromi na Jihar Edo suna kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa gida don yin Salla. Aka ga bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe mutum 16 ba bincike ba shari'a. Da yawansu 'yan Ƙaramar Hukumar Bunkure ne, har Gwamnan Edo ya zo ta'aziyya garin Torankawa. Ya yi addu'ar Allah ya jiƙansu, ya ce neman haƙƙin jininsu wajibi ne, kuma bai kamata a yi shiru ba har sai an hukunta waɗanda suka aikata.

Amma ya ce 'yan uwa su tambayi kansu, mene ne ya kashe waɗannan bayin Allah? An dubi kamanninsu da yarensu ne aka yanke musu hukunci da laifin wasu. To wanda ya tashi a Kano ya ce zai rama a kan mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari, wanda bai taɓa taka Uromi ba, ya aikata daidai abin da aka yi wa 'yan uwansa. Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama cewa wani rai ba ya ɗaukar laifin wani. Ya ƙara da cewa irin wannan ma'auni ne ake yi wa Fulani a yau, inda ake kiran kowane mai sanda ɗan bindiga, har wasu suka buɗe shafuka a Facebook suna raba Hausa da Fulani, mutanen da suka haɗa jini da alƙibla shekaru aru-aru.

Ya ce Malcolm X ya yi shekaru yana wa'azin cewa farar fata shaiɗanu ne, sai da ya je aikin Hajji a 1964, ya ci abinci a kwano ɗaya da Musulmi farare, sannan ya janye wannan magana a bainar jama'a. Idan mutumin da aka zalunci kakanninsa da bauta ya iya komawa ga fiɗira, ba wanda yake da uzuri.

ABIN DA KE KAN MATASA

A ƙarshe Malam ya ɗora wa 'yan uwa ayyuka huɗu. Na farko, kowa ya tsare harshensa a gida, ya daina kiran mutane da sunayen gori, ko da wasa, domin kunnen yaro ba ya barci, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na biyu, in ƙanwarka ko 'yarka ta yi kwalliya ta zo gabanka, ka yaba mata yadda Allah ya yi ta, kamar yadda Manzo (S) ya yi wa Ummu Khalid. Na uku, kada wanda ya kori ɗan maƙwabci daga wasa saboda yarensa ko addinin iyayensa, haƙƙin maƙwabtaka bai ware kowa ba. Na huɗu, mai neman aure ya sa addini da hali a gaba, ya kuma bari a ji hakan daga bakinsa a majalisa.

Ya ce ba zai yiwu mutum ya yi kira zuwa ga haɗin kan al'umma a kan mumbari, alhali a tsakar gidansu shi ne malamin rarraba ba. Sannan ya rufe da addu'ar Allah ya tsarkake zukata daga ɓurɓushin jahiliyya, ya shirya zuriya, ya saka wa waɗanda aka zalunta, ya tabbatar da dugadugai a kan tafarkin Manzonsa (S). Wassalamu alaikum wa rahmatullah.